Damanar da Baba Ya Bar Fadama Ba Shuka

Bana ruwa ya yi mana halin nan nasa. Ya sauko da ƙarfi, kowa ya fita da iri a ƙwarya, aka shuka, sai ya ɗauke kamar wanda aka yi wa laifi. Gero ya tsiro ya tsaya cak, ganyensa ya naɗe. Da la'asar hadari kan haɗu ta wajen Kamba, ya yi baƙi ƙirin har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da gumi da sauro. Zafin Gaya ba ƙuna yake yi ba, dafa mutum yake yi a hankali, kuma duk wanda ya taɓa zama garin nan kafin ruwa ya kankama ya san abin da nake faɗa.

Cikin wannan hali ɗiyata Ramatu ta zo hutu daga jami'a, inda take karatun aikin gona. Ta zo da ordinatar, kwamfutarta ke nan, da aikin memuwar, wato rubutun da za ta kare kafin a ba ta takardar gamawa. Kullum tana gindin mangwaro tana danne-danne. Ran nan ina tsinkar zogale na ji ta ja wani dogon tsaki, irin wanda da a aji wata ɗalibata ta yi shi, da ta gane kurenta.

"Ke da wa kuma?" na ce.

"Mama, sun rufe muna ƙofa. Duk takardar da na taɓa, sai ta ce in biya."

Ta shiga yi mini bayani, ko da yake na riga ta sanin zancen. Malaman jami'a su ne ke yin bincike, su rubuta, su miƙa wa kamfanonin da ke buga mujallun ilimi, ba a ba su ko dala. Kamfanonin kuma su juyo su sayar wa jami'o'in izinin karantawa, shekara-shekara, abin da ake kira abonema. Bana farashin ya tashi, shugabannin jami'o'i suka haɗa kai suka ce ba za su sabunta ba sai an sassauta, kuma a bar abin da malamansu suka rubuta a buɗe ga kowa. Masu bugawa suka ce babu laifi, amma sai marubuci ya biya kafin a buga masa. Ana ta zama ana tashi, ana shan ruwan sanyi a ɗakunan taro, su Ramatu kuwa an bar su a waje.

Na ci gaba da tsinkar zogalena, amma raina ya ɓaci, fiye da yadda ya kamata zancen mujalla ya ɓata ran malamar kolej da ta kusa ajiye alli. Dalili kuwa, ni ma na taɓa tsayawa bakin wannan ƙofa, damana guda cur, lokacin Ramatu ba ta daɗe da shiga lakwal, wato firamare, ba.

Mahaifina manomin shinkafa ne a ƙauyenmu da ke bakin kogi, ƙasa da Gaya kaɗan. Yana da gonar gero a tudu kamar kowa, amma zuciyarsa tana fadama, wani kwari mai zurfi da kogi ke cikawa duk shekara har ya shanye mutum a tsaye. Babu shinkafar da ke rayuwa a tsakiyar kwarin sai guda, wadda muke kira bi-ruwa. Ana yafa ta da ruwan farko, tun fadama tana bushe. In ta samu ta yi ƙarfi kafin kogi ya shigo, to, duk yadda ruwa ya hau ita ma hawa take yi, kanta kullum a sama. Da kaka cikin jirgi ake yankanta, mutum ya sunkuya da lauje, zangarniya tana goga masa a fuska. Jar ƙwaya gare ta, ba ta da kyan gani a kasuwa, ƴan birni ma raina ta suke yi. Baba ya gaje ta wurin mahaifinsa, shi ma wurin nasa.

A wajenmu iri yana da dokarsa. Ba a sayar da shi, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Amma wanda ka ba ya zama rumbunka na biyu. Ranar da naka ya ɓace, wurinsa za ka fara zuwa, in kuwa ka tsallake shi ka je wurin wani, ka ci mutuncinsa, kamar ka ce ba ka yarda ya riƙe amana ba. Da haka iri ke yawo tsakanin dangi da surukai da abokai, ya tafi ya dawo. Na tashi na ga ana yi, ban taɓa tunanin abu ne da zai iya cutar da mutum ba.

Ƴan shekaru kafin abin da zan faɗa, wasu baƙi suka sauka gidanmu: wani Dokta daga jami'a, da wata Baturiya da kowa ke kira Madam. Suna bin gaɓar kogi ƙauye-ƙauye suna tattara tsofaffin irin shinkafa. Baba ya karɓe su hannu biyu. Ya shiga da su fadama cikin jirgi, ya tumɓuko musu kara guda daga ƙasan ruwa, suka auna tsawonsa suna ta mamaki. Inna ta dafa musu kifi. Da za su tafi suka roƙi iri, ya ɗebo musu cikin ƙwarya, ya ƙi karɓar komai. Dokta ya ce za su sa ta a littafi, duniya duka ta san da ita. Baba ya ji daɗi ƙwarai. A lissafinsa ya samu rumbu har ƙasar Turawa, inda babu gara babu ambaliya.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ruwan farko ya sauka da wuri, Baba da ƙanena Isufu suka yafa rabin irin. Ta tsiro kore shar, ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone ta har ƙasa ta tsattsage. Da ruwa ya dawo aka yi gayya, maƙwabta suka zo da shanu da garma, mata suka dama fura, aka yafa sauran har da na gindin tukunya. Wannan karon kogi ne bai jira ba. An yi ruwa mai yawa can sama, jan ruwa ya faɗo fadama tun shinkafar ba ta wuce tsawon yatsa ba, ta nutse ba ta ƙara tashi ba. Abin da ya sami Baba ya sami duk mai bi-ruwa a gaɓarmu, domin kwari ɗaya suke nomawa, tare kuma suke shuka. Geron tudu ma bai yi abin kirki ba. Da kaka ta zo, rumbuna ba su kai rabi ba.

Tun kafin bazara ta tsaya tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Ina Gaya ina koyarwa, duk ƙarshen mako in hau kabu-kabu in kai musu abin da ya samu, yawanci garin rogon Malanbil, don shi ya fi araha. Inna takan jiƙa shi ya kumbura, ta yanka albasa, ta zuba busasshen ganyen rama ko tafasa don ya yi auki. Mata suna fita da sassafe haƙar muruci, wasu su shiga tafki neman bado. Kifi ma ya yi wuya, kogi ya janye ya bar yashi fari fat, masunta suna dawowa da abin da bai isa a kai kasuwa ba. Abin da na fi tunawa shi ne shirun unguwar da hantsi. Ba ka jin ƙarar turmi ko'ina, yara kuma sun daina guje-guje, sai su kwanta a inuwar rumbu suna kallon kaji.

Ran wata Asabar bayan azahar Baba ya kira ni ƙarƙashin rumfa. Ni ce ƴar fari, bai taɓa kama sunana ba. Tun da na fara aiki ya samu mafita, yake ce mini Malama.

"Malama, mutanen nan da suka kwana nan, kin san inda suke?"

"Waɗanne, Baba?"

"Dokta da Madam. Ki gaya musu tawa ta mutu. Su aiko da ita kahin ruwa shi sauka. Ko tiya guda ta isa."

Ya faɗe shi kamar mai aike gidan maƙwabci a ɗebo wuta. Na ce to. Ni ma a lokacin ban ga wahalar abin ba.

Da na koma Gaya na fara bugun waya. Dokta, aka ce, Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Aikin da ya kawo su na ɗan lokaci ne, ya ƙare, an rufe biro, wato ofishinsu. Irin da suka tara an ajiye shi a ɗakin sanyi a wata tashar bincike, injin ya lalace, ba a samu gyara da wuri ba, duk ya mutu. Madam ta koma ƙasarsu. Na rubuta mata ta adireshin da wani ya ba ni, saƙon ya dawo mini yadda na aika shi.

Saura littafin. A lokacin akwai wani siber kusa da tasha, ɗaki mai zafi da fanka ɗaya, inda mutum ke biya ya zauna gaban ordinatar, kuran kuma, wato wutar lantarki, ya ɗauke lokacin da ya ga dama. A waje manyan motoci sun yi jere har bakin gada, hayaƙinsu yana shigowa ta ƙofa. Can na yi ta nema har na samo rubutun. Ashe ba littafi ba ne, takarda ce a wata mujalla: ga sunan Dokta, ga na Madam, ga ƴan layukan taƙaitawa da ake bari kowa ya karanta. Da Ingilishi aka yi ta, sai da na jawo abokin aikina mai koyar da shi ya fassara mini. A ciki suka ce sun sami wata jar shinkafa mai bin ruwa a gaɓar Gaya, kuma sun sake samunta a ƙauye guda a ƙetaren iyaka, inda ake kiranta da wani suna daban. Na ji kamar in rangaɗa guɗa a cikin siber ɗin. Na danna don in ga sunan ƙauyen, sai shafin ya juya ya nuna mini farashi, da wurin sa lambar katin banki.

Kuɗin da yawa, amma da kuɗi ne kawai, da na sayar da tumakina na biya. Katin ne babu. Na zaga Gaya, garin da ake juya dukiya ba dare ba rana, na shiga wurin ƴan kasuwa da masu fitar da kaya a duwan, wato kwastan, kowa da damin kuɗi a aljihu, amma ban samu mai irin katin da shafin ke so ba. Wani Alhaji mai motoci ya saurare ni har ƙarshe.

"Malama, takarda guda? Ba ma littahi ba? To wa ka amsar kuɗin, iyalin mamacin?"

Na ce a'a, ba su da ko dala a ciki. Ya girgiza kai, ya ba ni goro, ya ce Allah shi kyauta.

Ƙetaren iyaka kuma a Gaya ba magana ɗaya ba ce, iyaka biyu gare mu. Ko Benin ake nufi ko Najeriya, taƙaitawar ba ta faɗa ba. Isufu ya saci jiki ya je kasuwar Malanbil a Benin, ya je ta Kamba a Najeriya, yana tambayar bi-ruwa. Ba wanda ya san sunan, shi kuma ba shi da ko ƙwaya ɗaya da zai nuna. Ya ce zai ɗauki jirgi ya bi ƙauyuka yana kwatance har ya dace. Baba ya ji, ya hana.

"Ba a tsallake wanda aka ba," in ji shi. "Su za su nuna muna hanya. In muka bi gari-gari muna roƙo, mi za su ce in sun ji?"

"Baba, guda ya mutu, guda ba ta ma san muna duniya ba!"

"Littahin bai mutu ba. Dokta ya ce ya sa ta ciki, kuma ba yaro ba ne."

Da aka ba mu hutu ruwan farko ya riga ya sauka. Na bar Ramatu wurin Inna, na hau mota zuwa jami'ar da Dokta ya koyar. Duk hanya mutane ne a gonaki, maza na sara da sungumi, mata da yara na binsu suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Kowa a motar murna yake da hadari, ni kuwa duk wanda na hango sai in kawar da kai, don na san kowane ruwa matso da kogi yake yi zuwa fadamarmu.

Mai kula da ɗakin karatun dattijo ne mai haƙuri. Ya duba ya ce mujallar suna karɓarta a da, daga baya aka yanke, tun kafin takardar Dokta ta fito. Ana ciniki da masu bugawa, an ce su rage, sun ƙi, abin da suke nema kuwa zai cinye duk abin da aka ware wa ɗakin karatun. Na ce yaushe za a gama cinikin. Ya yi murmushi ya shafa kansa.

"Malama, tun ina da baƙin gashi ake zaman nan."

Ya haɗa ni da wani malami da ya yi aiki tare da Dokta. Shi ma ya karɓe ni da mutunci, ya ce shi kansa ya taɓa rubutu a mujallar, ya kuma sha duba musu rubutun wasu kyauta, amma yau ko nasa ba ya iya buɗewa. Takardun Dokta iyalinsa sun kwashe sun tafi da su garinsu, ba wanda ya san a wane buhu suke. Ya yi mini alkawarin zai rubuta wa wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a waje, inda jami'arsu ke biya. Sai dai, in ji shi, yanzu can ma hutu suke, sai na yi haƙuri.

Ban ga laifin dattijon ba, ban ga na malamin ba. Ko shugabannin da suka ƙi biya, in na sa kaina a wurinsu, ba zan ce sun yi kuskure ba, ba a tara kuɗin talakawa a miƙa wa mai cewa ƙaro kullum. Abin da ya ci mini rai, wanda har yau yake ci, shi ne babu wanda zan kama in yi wa faɗa. Shinkafar ubana ce, a jirginsa aka auna ta, kifin uwata aka ci, ga labarinta can bayan gilashi ina kallo, an ce ban isa in karanta ba. A motar dawowa na yi kuka, na ce wa matar da ke kusa da ni ƙura ce ta shiga mini ido, alhali ruwa ake yi.

Na dawo hannu rabbana, na tarar koperatif, ƙungiyar manoma, na raba irin shinkafar zamani. Isufu ya karɓo, ya ce a zuba a gefen fadama inda ruwa ba ya zurfi, ko ba komai a samu na tuwo. Baba ya ce fadama wurin bi-ruwa ne. In aka zuba wata, ta iso ta tarar ba wuri, ko su gauraye iri ya lalace. Suka yi cacar bakin da ban taɓa ji tsakaninsu ba, har Inna, wadda ba ta sa baki a zancen gona, ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Malam, yaran ga alkawari za su ci?"

Baba ya tsaya a kan bakansa. Isufu ya ɗauki buhunsa ya kai gonar surukinsa, daga ranar kuma ya daina cin abinci akushi ɗaya da mahaifinsa.

Abin haushi, ruwan shekarar nan mai kyau ne. Yana sauka a natse, ya huta, ya dawo, kogi kuma yana hawa a hankali, daidai yadda bi-ruwa ke so. Baba ya huɗe fadamar tsaf. Kullum da safe, bayan ya kurɓi ɗan kunun da ya samu, zai saɓa fartanya ya sauka ya yi noman gonar da babu komai cikinta sai ciyawa, don kada iri ya iso ya tarar wurin ya rufe. Jikinsa ya zube, wandonsa sai da ya ƙara wa mazagi ƙulli. A gida kuwa yunwar tsakiyar damana ta kama sosai. Itace jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, tukunya ganye ya fi yawa. Sauro ya kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina safa da marwa tsakanin ƙauye da siber, cikin taɓo, ina duba ko saƙo ya zo. In na dawo Baba ba ya tambayata. Hannuna kawai yake kallo, sannan ya yi mini sannu da hanya.

Yanzu su Ramatu suna da zaure a waya, in takarda ta gagare su sai su jefa sunanta ciki, kafin gobe wani ɗan ƙasa da ke waje ya aiko. Ta ce wasu mujallun ma an fara buɗe su. Na yarda an samu sauƙi. Amma roƙo ne har yanzu, kuma wanda bai san kowa a waje ba yana nan inda na tsaya.

A waccan damanar, wata safiya kogi ya shigo. Ba da hayaniya ba, ta ƴar hanyar da ya saba, ja kamar kunun kanwa, ya bi kunyoyin da Baba ya yi ɗaya bayan ɗaya ya rufe su. Baba yana tsaye bakin tudu da fartanyarsa. Ya daɗe a wurin, sannan ya hau gida ya rataye ta. Kafin a jima fadamar ta cika da ciyawar burgu da bado, shanun Fulani ne suka ci amfaninta a shekarar.

Bayan ruwa ya gama cika ne malamin nan ya bugo waya, ya ce takarda ta iso. Na je siber aka fitar mini da ita, na bi ta da yatsa har na kai kan sunan ƙauyen, sai da na nemi wuri na zauna. A gaɓar Benin yake, wurin da in gari ya yi haske ana hango hayaƙinsa daga tudun gonarmu. Baba ya sha wucewa ta gabansa a jirgi tun yana saurayi. Da na faɗa masa sunan, ya sa na maimaita.

"Nan ƙetare?" ya ce. "To. Shuka ta wuce, amma akwai baɗi. Gobe mu tahi."

Da safe muka sauka bakin ruwa, muka tarar Isufu ya riga mu, ya kwashe ruwan jirgin yana zaune da filafili a hannu. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya riƙo goro da ƙwarya mai murfi. Kogi ya cika ya batse, gaɓa da gaɓa sun yi nisa, ana yayyafi, ruwan yana jan jirgin ƙasa, Isufu yana dagewa. Kafin azahar muka isa.

Tun daga bakin gaɓa na ga an sauya wurin. An yi musu doguwar ganuwar ƙasa ta tare kogi, bayanta filaye ne murabba'i-murabba'i, da injin ban ruwa, da gajeriyar shinkafar zamani. Muka yi tambaya da sunan da ke cikin takardar. Samari ba su san shi ba. Wata tsohuwa mai wanki ce ta nuna mana gidan wani dattijo a ƙarshen gari.

Muka same shi zaune a tabarma, ƙafafunsa a kumbure. Aka yi fofo, aka gaisa da Dandanci, aka sha ruwa, Baba ya ajiye goro ya faɗi abin da ya kawo shi. Dattijon ya tuna Dokta da Madam sarai, shi ma ya ba su iri. Ya ce tun da aka yi ganuwa zurfin ruwa ya ƙare, kowa ya watsar da ita, shi kaɗai ya ci gaba da yafa ta a wani rami bayan ganuwar don kada ta ɓace. Bara ya yanka ya cika tukunya. Bana ƙafa ta hana shi sauka, bai shuka ba.

"Na ajiye ta," ya ce, yana kallon ƙasa. "Na ce wani za shi zo nema. Ruwa ya sauka, ba wanda ya zo. Kogi ya cika, ba wanda ya zo. Sai jikokina suka kwanta, gida ba komi. Wata bai cika ba da na ce a buɗe tukunyar."

"Duka?" in ji Baba.

"Duka."

Matarsa, da ke jin mu daga bakin ɗaki, ta ce akwai ɗan saura. Ta shiga ta fito da ƴar ƙwarya. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya matsa wajen haske. Ita ce, ja, siririya, ko ni na gane ta. Ya sa yatsa yana juya ƙwayoyin a hankali, yana neman ko guda mai ɓawo. Ya tambayi matar ko ta rage wadda ba ta daka ba. Ta ce ai gaba ɗaya ta turara ta kafin ta daka, kamar yadda ake yi, don kada ta karye a turmi. Shinkafar da ta sha tururi kuwa ba ta ƙara tsirowa. Baba ya miƙa mata ƙwaryar, ya ce Allah shi yi albarka.

Muka yi niyyar tashi, dattijon ya riƙe rigar Baba. Baƙon da ya ƙetare kogi a cike ba ya fita gidansa da yunwa, in ji shi, ko da mutuwa ake yi. A gidan kuwa babu wani abin dafawa sai abin da ke cikin ƙwaryar nan. Na buɗe baki zan ce mun ƙoshi, Baba ya dube ni, na rufe. Muna zaune muna jin matar tana hura wuta, har ƙamshin ya fito ya cika tsakar gidan, ƙamshin da na tashi da shi tun ina goye. Isufu ya juya fuskarsa wajen danga.

Aka kawo akushi, da ɗan mai da gishiri a kai. Baba ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ya tauna a hankali, idonsa a rufe. Ni ban sa hannu ba. Ya buɗe ido ya tura akushin tsakiyarmu.

"Ci, Malama. Isufu, matso ka sa hannu. Ku ci da kyau ku riƙe ɗanɗanonta, don gaba ku za a tambaya."

Isufu ya matso. Muka ci mu uku. Baba bai bar ko ƙwaya ɗaya a akushin ba.